Bashin Albasa Da Abin Da Aka Rubuta A Kaina

Mu a Tawa mun san yadda ake kashe maganar bashi tsakanin mutum da mutum. A tara dattawa, mai bi ya faɗi nasa, wanda ake bi ya kawo uzurinsa, a yanka lokaci, a shafa fatiha. Bashin gidan rance fatiha ba ta kashe shi. Ko kun shirya da ma'aikatan wurin har kuna gaisawa a masallaci, akwai abin da aka rubuta a kanka, kuma rubutun nan yana kaiwa inda ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. Na shiga wannan hali daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2025, ga yadda ta kaya.

Sana'ata albasa. Nakan saya a wajen Galmi da Tsarnawa cikin Maris da Afrilu, lokacin da kowa ke cira, buhu ya faɗi warwas. Sai in zuba a rudu, wato rumbun ajiye albasa, in jira. Idan damina ta yi nisa, albasa ta yi wuya, a loda kamyo zuwa Gana ko Abijan. Ribar duka a cikin jiran nan take, asarar ma a nan take, don albasar da ke rudu kullum raguwa take yi, wata ta ruɓe, wata ta tsiro.

A watan Afrilun 2023 na karɓi milyan 2 na sefa a wani gidan ba da ƙananan rance da ke garin nan. Da ruwansa ya kama milyan 2 da jika 200 (jika ɗaya sefa dubu ce), in biya kashi huɗu, jika 550 kowane wata daga Satumba zuwa Disamba. Sun riƙe jika 200 nawa a matsayin ajiyar jingina. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya tsaya mini, har ya ajiye musu takardar filinsa. Cikin tarin takardun da na sa wa hannu akwai wata 'yar guda da ke cewa na yarda a aika bayanin bashina ofishin da ke tara tarihin masu cin rance. Wannan 'yar takardar ita ce daga baya ta fi sauran tsawon rai.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Nijar, ranar 30 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Gaya da Malanbil ta wajen Benin, aka rufe iyakar Ƙwanni ta wajen Nijeriya. Motocin albasa suka yi cirko-cirko a hanya kaya na zubar da ruwa. Hanyar Burkina kuwa sai da rakiyar soja, kuɗin mota ya fi ƙarfin irinmu. Na sayar da abin da ya tsira a nan gida yadda kasuwa ta ga dama. Na biya kashin Satumba cif, a Oktoba na kai jika 250, daga nan hannuna ya tsaya. Saura milyan 1 da jika 400.

Watannin farko yaron da ya buɗe mini dosiye ne ke kira, cikin ladabi, yana tambayar ya kasuwa. A ƙa'idar waɗannan gidaje, idan biya ya makara fiye da wata uku bashin ya shiga sahun masu matsala, kuma dole su ware kuɗi su rufe gurbinsa a littafinsu. Shi ya sa murya ke canzawa da zarar an haura wata ukun. A Fabrairun 2024 dosiyena ya koma hannun sashen karɓo bashi, aka kawo mini wasiƙar gargaɗi, aka kai wa Kawu irinta.

Mutumin sashen nan ya iya aikinsa. Ba ya zuwa sai bayan la'asar, lokacin da majalisar ƙofar gidanmu ta cika. Ya kafe babur a tsakiyar hanya, ya ciro jakar takardu ya riƙe ta yadda kowa zai gani, ya yi sallama da ƙarfi. Bai taɓa zagina ba, kunyar idon jama'a ce makaminsa. Ran nan ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, ko jika ashirin ce ka kawo in tafi da ita, in nuna wa manya ka motsa. In ba haka ba maganar nan jandarmomi za ta kai."

Na ce, "Ɗan'uwa, na ji. Abin da ya samu gobe ni da kaina zan kai wurin mai karɓar kuɗinku, a ba ni takardar shaida."

Ban ce mutumin macuci ne ba, ban sani ba. Amma kuɗin da ya shiga aljihu a ƙofar gida ba shi da mai shaida sai Allah, na'urar gidan rance kuwa resi kaɗai ta sani. Daga ranar duk sisin da na biya a ofishinsu na biya, na karɓi resi mai hatimi, na ɗauki hotonsa da waya, na sa asalin cikin leda.

A farkon Maris wisiye ya zo, ma'aikacin shari'ar nan da ke kai takardu, shi ne kuma ke ƙwace kaya idan hukunci ya tabbata. Takardarsa ta ce ana bina milyan 1 da jika 690. A daren nan uwargidana ta fara tambayar ko a kai keken ɗinkinta gidansu a ɓoye.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi aikin magatakarda a kotu har ya yi ritaya. Na kai masa takardun duka bayan sallar asuba. Ya sa tabarau, ya bi su layi-layi da ɗan yatsa, bai ce uffan ba sai da ya kai ƙarshe. Sannan ya ɗaga takardar wisiyen ya ce, "Wannan kira ne a biya, ba hukunci ba ne. Yau ba wanda zai ɗauki ko cokali a gidanka da ita. Amma kada ka yi barci, don abin da ke bayanta yana da haƙora."

Abin da ya koya mini a zaman nan ya kamata a ce kowane ɗan kasuwa ya san shi tun kafin ya karɓi rance. Dokar karɓo bashi a Nijar ta OHADA ce, ƙungiyar ƙasashe 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu. An yi dokar a 1998, aka sabunta ta a Oktoban 2023, sabuwar ta fara aiki ranar 16 ga Fabrairun 2024, wato 'yan makonni kafin wisiye ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Mai bin bashi ba ya sayar da kayanka sai yana riƙe da takarda mai ƙarfin zartarwa, kamar hukuncin kotu ko yarjejeniyar da aka ƙulla gaban notar, ma'aikacin da doka ta ba ikon shaida yarjejeniyoyi. Tawa ba a gaban notar aka yi ta ba, don haka sai sun bi ta kotu. Hanyar da suka fi bi gajeriya ce: su kai takardunsu wurin alƙali, ya ba da umarnin biya ba tare da an kira ka ba. Ranar da aka miƙa maka umarnin nan lissafi ya fara. Da kwana 15 ake ba mutum ya ƙalubalanta, sabuwar doka ta mai da shi kwana 10. Wanda ya jefa takardar a aljihu yana jiran ɗansa ɗan lakwal ya dawo hutu ya karanta masa, kafin ya farga umarni ya zama hukunci. Daga nan sai takardar gargaɗin ƙarshe ta kwana 8, sai a rubuce kayanka, a ba ka wata ɗaya ka nemi mai saye da kanka, in ba ka samu ba a yi gwanjo.

Ya ƙara mini wasu abubuwa da suka kwantar mini da hankali. Ba a zartar da ƙwace ranar Lahadi ko ranar hutu, ko kafin ƙarfe 8 na safe, ko bayan ƙarfe 6 na yamma, sai da izinin alƙali na musamman. Alƙali yana da ikon ɗaga wa wanda ake bi ƙafa ko ya rarraba masa biya har tsawon shekara ɗaya idan ya duba halinsa. Maganar jandarmomi kuwa ya yi murmushi ya ce kasa biyan bashi ba laifin ɗauri ba ne. Abin da ke kai mutum gidan kaso shi ne ya karɓi kuɗi da takardun ƙarya, ko ya sayar da kayan da wisiye ya riga ya rubuce. Amma ya ja mini kunne a kan Kawu: irin tsayawar da ya yi mini, suna iya barina su bi shi kai tsaye da bashin gaba ɗaya. Wannan ita ta hana ni barci fiye da komai. Mutum ya kai shekara saba'in, fili ɗaya ya mallaka ban da gidan da yake ciki.

Sai ya ce kafin in roƙi komai in nemi su warware mini lissafin a rubuce. Na rubuta buƙata, na kai kwafi biyu, aka buga wa nawa hatimi da kwanan wata. Da lissafin ya fito sai ga shi kashi uku: milyan 1 da jika 400 na ainihin bashi, jika 140 tarar makara, jika 150 kuɗin ɗawainiyar karɓo bashi. Ajiyata ta jika 200 ba a ambace ta ba ko kaɗan. Dattijon ya duba ruwan da suka ɗora tun farko ya ce bai haura iyaka ba, don tun 2014 iyakar da aka yanka wa gidajen ƙananan rance a ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO ita ce kashi 24 cikin 100 a shekara. Tarar makara tana cikin yarjejeniyar da na sa wa hannu. Jika 150 ɗin nan ce ya dangwala wa yatsa. Ya ce doka ta ce ɗawainiyar da mai bin bashi ya yi kafin ya sami takardar zartarwa a wuyansa take, sai fa idan ya je ya gamsar da alƙali cewa da gangan kake ƙin biya.

Muka tafi wurin shugaban reshen ni da Kawu, ana cikin azumi, rana ta take. Kawu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Ofishin ɗan ƙarami, fanka na juya iska mai zafi, dosiyoyi jibge a kan tebur har sun kusa rufe fuskar mai wurin, nawa a sama an zagaye sunana da jan biro. Kawu ya fara da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙishirwa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ɗana ne, bai gudu ba, ga shi na kawo maka shi. Abin da ya same shi ya sami garin nan duka."

Shugaban ya ce, "Baba, na sani. Rabin takardun nan na 'yan albasa ne. Amma ni ma akwai waɗanda nake ba amsa."

Na lura mutumin ba ya son zuwa kotu. Kotu kuɗi ce da lokaci, gwanjon fili kuma a gari irin namu baƙin jini ne ga gidan da ke neman masu ajiya. Abin da yake so shi ne lambar da zai nuna wa na sama da shi. Sai na ajiye masa tawa: a cire ajiyata daga bashin, a janye jika 150, in kawo wani abu mai kauri yanzu, sauran a raba mini daidai ƙarfina. Ya so in ɗauki jika 200 kowane wata. Na ce ba zan iya ba, jika 100 nake da tabbacinta. Kawu ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, a ganinsa na cika taurin kai a gaban mai alfarma. Amma rana ba ta ƙarya. Alkawarin da ka ɗauka don a tashi taro lafiya, wata mai zuwa zai dawo ya same ka, kuma wanda ya karya yarjejeniya ta biyu ba ya samun ta uku.

Muka tsaya a kan milyan 1 da jika 270, bayan an cire ajiyar, an janye kuɗin ɗawainiya, an yafe rabin tara. Kuɗin takardar wisiye na ce na ɗauka. Zan kawo jika 370 kafin Sallah, sauran jika 900 in biya cikin wata tara, Afrilu zuwa Disamba. Shugaban ya miƙo hannu, Kawu ya ɗaga nasa zai yi addu'a. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, a rubuta tukuna." Ransa bai so ba, ya ga kamar na ƙaryata mutum a gaban idonsa. Shugaban ne da kansa ya raba gardama, ya ce ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Aka buga takarda: jimillar kuɗi, ranakun biya, cewa an dakatar da wisiye muddin ina cikawa, da cewa za a mayar wa Kawu takardar filinsa ranar da na gama. Amfanin rubutun ya fito bayan Babbar Sallah, da aka canza wa shugaban wurin aiki. Wanda ya gaje shi bai san ni ba, bai san Kawu ba, takardar ya sani.

Na sayar da babur ɗina da raguna biyu na haɗa kuɗin farko. Watannin da suka biyo baya ba wani labari a cikinsu, dillancin albasar wasu na koma ina cin kamasho, ina kai tawa kafin ranar ta cika. A Disamba na zuba ta ƙarshe, na ƙi barin ofishin sai da aka ba ni takardar shaidar cewa ba a bina ko dala, aka kuma ɗauko takardar filin Kawu daga akwatin ƙarfe.

A nan mafi yawan mutane ke tsayawa, kuma a nan ne sauran aikin yake. Ƙasashe takwas masu amfani da sefar Afirka ta Yamma sun amince da doka guda a 2013 kan ofisoshin tara tarihin rance, Nijar ta sa ta cikin dokokinta a ƙarshen 2014. Kamfanin da aka ba lasisin aikin, wanda yanzu ake kira Creditinfo West Africa, cibiyarsa na Abijan, ya fara aiki a 2016 ƙarƙashin kulawar BCEAO. Bankuna da manyan gidajen rance suna aika masa bayanin masu bashinsu, kuma suna dubawa kafin su ba wani sabo. Doka ta buɗe ƙofa ga kamfanonin wuta da ruwa da tarho su ma su aika nasu. Ba a sa abin da ka ajiye a banki, ba a sa addininka ko ƙabilarka ko ciwonka. Abin da ka ci da yadda ka biya shi ake rubutawa, ana kuma nuna shi har shekara biyar. Wanda ya makara a Tawa, in ya nemi rance a Lome ko Dakar za a gani. Mai suna kuma yana da haƙƙin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, abin da ban taɓa jin wani ɗan kasuwar albasa ya yi ba.

A Fabrairun 2025 wata hidima ta kai ni Yamai, tafiyar kusan kilomita 550 ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso. Na je ofishinsu da katin ɗan ƙasa, na cike takarda, aka fitar mini da rahoton. Abin mamaki ne mutum ya ga shekarunsa biyu a shimfiɗe cikin layuka. Ga sunana, ga lambar katina, ga milyan 2, ga watanni a jere, kowane da abin da ya makara a cikinsa. Satumban 2023 fes. Daga Oktoba kwanakin makara suka fara hawa. Duk wannan gaskiya ne. Amma a ƙasa bashin na nan a buɗe, wai saura jika 300. Gidan rancen bai aika biyana na wata ukun ƙarshe ba.

Da na zauna gida ina taƙama da takardar da ke cikin ledata, da duk bankin da na tunkara zai gan ni a matsayin wanda ya riƙe kuɗin mutane har yau. A nan take na rubuta ƙorafi, na haɗa da kwafin resi uku da takardar kammala biya. Ofishin ba ya gyara lamba da ra'ayin kansa, sai ya koma wa wanda ya aiko ta ya tabbatar, kuma doka ta ce a ba mai ƙorafi amsa cikin kwana 30. In bai gamsu ba yana iya kai kuka BCEAO. Da na dawo Tawa na bi ta gidan rancen na nuna wa sabon shugaban kwafin ƙorafin, ya kira mai kula da na'urarsu a gabana. Kafin wa'adin ya cika aka aiko mini da gyararren rahoto: bashi a rufe, saura babu.

Watannin makarar suna nan, ba a goge su ba, ba kuma za a goge ba sai lokacinsu ya yi. Wani ya taɓa tare ni a tasha ya ce ya san mai wanke suna a na'ura idan na kawo jika 50. Ƙarya ce. Kuskure ake gyarawa, shi ma kyauta, abin da ya faru da gaske kuwa ba mai ikon cire shi. Abin da ke hannun wanda ake bi shi ne ya hana lissafin makarar ci gaba da hawa, ya hana maganar kaiwa ga hukunci, ya kuma tabbata layin ƙarshe ya nuna an biya.

Da kakar albasa ta zagayo na nemi milyan 2 a wani gidan daban. Ma'aikaciyar ta juyo mini da fuskar kwamfutarta ta nuna watannin nan ta ce, "Alhaji, a nan me ya faru?" Na ce shekarar rufe iyaka ce, na ajiye mata yarjejeniyar da takardar kammala biya. Ta kai wa kwamitinsu, suka amince da jika 800, suka ce in na cika wannan a kan lokaci baɗi a sake zama. Ban nemi Kawu ya tsaya mini ba a wannan karo, albasar da ke rudu na ba su jingina, makulli ɗaya a hannuna ɗaya a hannunsu.